Yadda Mace Za Ta Shirya Wayarta Don Kare Kanta Daga Cin Zarafi a Titunan Legas

Macen da ke zirga-zirga a Legas ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da ake nufi da cin zarafi a hanya. Ta san mai gwanjo a Yaba da zai cafke mata hannu wai dole sai ta leƙa shagonsa. Ta san wanda zai yi ta matso jikinta a danfo, wato bas ɗin haya, alhali ga wuri a gefensa, ta kuma san ɗan agbero, wato ɗan tasha, da zai bi ta da maganar banza tun daga ƙarƙashin gadar Oshodi har ta tsallaka titi. Hijabi har ƙasa bai hana ba, goyo a baya ma bai hana ba. A watan Disamban 2018 abin ya ishi wasu 'yan mata har suka yi zanga-zanga a cikin kasuwar Yaba suna ɗauke da kwalaye masu cewa a daina taɓa su, kuma ko a ranar sai da wasu 'yan kasuwar suka bi su da ihu da jifa.

Da yawa suna ganin tunda akwai waya a hannu, ai an tsira. A daren 26 ga Fabrairun 2022 wata budurwa mai sana'ar ɗinki, 'yar shekara 22, ta shiga motar BRT, wato babbar bas ta haya, a tashar Chevron da ke hanyar Lekki za ta Oshodi. Da ta ga take-taken direban hankalinta bai kwanta ba, sai ta tura wa ƙawarta saƙon murya da bidiyon cikin motar. Ba ta isa inda za ta ba. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta a wajen gadar Carter. Saƙonnin nan ne suka taimaka aka gano motar da direbanta, kuma a 2025 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Allah ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani.

Yarinyar nan ta yi duk abin da ake cewa a yi, wayar kuma ta zama shaida a kotu. Abin da bai samu ba shi ne agaji a cikin mintunan da ake buƙatarsa. Don haka duk abin da za ki karanta a nan manufarsa ɗaya ce: rage tazarar da ke tsakanin lokacin da kika tura saƙo da lokacin da wani zai motsa. Kusan duk aikin a gida za ki yi shi, kina zaune hankali kwance, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: zaɓi mutanen da za su amsa

Kafin ki taɓa komai a wayar, zaɓi mutum biyu ko uku da za su karɓi saƙonki in abu ya taso. Za ki ga mace ta sa lambar mahaifiyarta da ke Funtuwa ko Haɗejiya. Inna za ta yi addu'a, kuma muna so, amma ba ta san inda Iyana Ipaja take ba, ba kuma za ta iya yi wa ɗan sanda kwatance ba. Maigida ma ba lallai ne ya zama na farko ba. In yana sauke kwandunan tumatir a Mile 12, ko yana tsakiyar ciniki a mayankar Oko-Oba, wayar na can cikin aljihu, sai bayan awa biyu zai gani.

Wanda kike nema shi ne mai ɗaga waya, wanda data ba ta yanke masa, ya san gari, kuma yana jin Turanci ko Turancin buroka ko Yarbanci. In da hali a samu mace ɗaya da ke zaune a gida ko shago, wadda idonta ke kan waya, da namiji ɗaya mai abin hawa ko mai jama'a da zai iya tashi nan take.

Akwai wani sharaɗin da ya fi waɗannan duka: kada ya zama mai fara magana da faɗa. Yarinya da yawa ba ta faɗin abin da ake yi mata a hanyar makaranta saboda ta san amsar da za ta samu ita ce "me ya kai ki can?" ko kuma a ce daga yau ta zauna a gida. Iyaye da mazaje su ji wannan da kyau. Ranar da kuka hukunta ta don ta faɗa, ranar kuka rufe bakinta, kuma babu wata manhaja da za ta buɗe shi.

In kin zaɓe su, ku zauna ku yi yarjejeniya baki da baki. Ku tsayar da wata magana ta sirri wadda ba za ta ja hankalin na kusa da ke ba. Misali ki ce mata, "Yaya, duk ranar da kika ji na ce a jiƙa min wake, to ba wake nake nufi ba, ina cikin matsala ne kuma ba na iya magana." Kada ki dogara da cewa Hausa kike yi babu mai ji. A Agege da Idi-Araba da Alaba Rago akwai Yarbawa da Inyamurai da suka fi wasunmu Hausa, kuma mai cin zarafin ma yana iya zama namu.

Sannan ita wadda aka tura wa saƙon ta san aikinta bi da bi. Da farko ta ɗauki hoton allon wayarta, wanda ke nuna inda kike da lambar motar, don in wayarki ta mutu kada komai ya ɓace. Sai ta kira ki sau ɗaya. In kin ɗaga, ta yi tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a: "Kina cikin mota? Ke kaɗai ce mace? In kira 'yan sanda?" In ba ki ɗaga ba, ko wayar a kashe, kada ta tsaya maimaita kira sau ashirin, kada ta ce bari maigida ya dawo daga masallaci, kada kuma wani ya ce mata sai awa 24 ta cika. Ta kira lambar gaggawa nan take, ta ba da lambar mota da wurin ƙarshe da aka gan ki da lokacin da kalar kayan jikinki. Bayan nan ta kira mai abin hawan. In daga baya ta tabbata cajinki ne kawai ya ƙare, babu asarar da aka yi sai ta 'yar kunya.

Ku kuma sa ƙa'idar lokaci. In kin ce za ki iso ƙarfe takwas, takwas da rabi ta yi babu ke babu labari, a fara nema. Ke kuma in gosulo ya riƙe ki a gadar Third Mainland, wajibinki ne ki sanar.

Mataki na biyu: lambobin gaggawa da abin da za ki ce

Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767. Kyauta ne, ko babu kati a wayarki za su shiga, kuma ko wayar a kulle take akwai wurin kiran gaggawa a kan allon. Ta nan ake haɗa mutum da 'yan sanda ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana. Ki ƙara da 08000 333 333, layin kyauta na DSVA, hukumar jihar mai kula da cin zarafi a gida da na lalata, wadda ta fara a matsayin tawaga a 2014 ta zama cikakkiyar hukuma a 2021. Ki nemi lambar caji ofis na unguwarku ma ki ajiye.

Ki adana su da sunan da zai fito a saman jerin lambobi, ki kuma rubuta su tare da lambobin mutanenki a 'yar takarda ki sa a wani wuri daban da jakar da wayar take. Yanzu mutum sai ya shekara yana kiran ƙanwarsa kullum bai haddace lambarta ba.

Wanda zai ɗaga kiran da wuya ya ji Hausa. Wannan babbar matsala ce ga amaren da aka kawo daga gida ba da jimawa ba, kuma aikin matan da suka daɗe ne su koya musu. Ba dogon Turanci ake so ba. Wuri ake fara faɗa, kafin sallama, kafin suna, don in layin ya katse sun riga sun ji inda kike: "I dey Pen Cinema, Agege, under bridge. One man dey follow me." Ki saba da lura da alamomin hanya, sunan tashar da kuka wuce, gidan mai, banki, babban coci ko masallaci, domin da su ake kwatance a garin nan, ba da lambar gida ba. Kada ki kira don gwaji, layin na masu buƙata ne.

Mataki na uku: maɓallin neman agaji

Yawancin wayoyin Android daga na 12 zuwa sama suna da tsarin da in kika danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere da sauri, wayar za ta kira lambar gaggawa da kanta. Ki shiga Settings, ki nemi Safety and emergency, sai Emergency SOS, ki kunna. A Tecno da Infinix da itel da Samsung wurin yakan ɗan bambanta, mafi sauƙi ki rubuta SOS a wurin bincike na saman Settings. Wasu wayoyin suna tura wa mutanen da kika zaɓa saƙon tes ɗauke da inda kike, wasu har da hoto ko sautin 'yan daƙiƙu. Duk abin da taki ke iya yi, ki kunna shi.

Za ki ga zaɓin ƙarar gargaɗi kafin kiran ya fita. Ni a ganina ki kashe ta. A tsakiyar kasuwa ƙara tana da amfani, amma a cikin motar da aka rutsa da ke, ƙarar ita ce za ta sa a fizge wayar kafin kiran ya shiga.

A wurin nan dai akwai Emergency contacts. Ki sa mutanenki a ciki, domin in kin faɗi ko kin suma, wanda ya tsince ki zai iya kiransu ba tare da ya buɗe wayar ba. Mai iPhone kuma ta danne maɓallin gefe tare da na ƙara sauti, sannan ta shigar da mutanenta a Medical ID cikin manhajar Health. Bayan kiran gaggawar wayar za ta tura musu inda take.

In kina son gwadawa, ki sauya lambar da wayar ke kira zuwa ta 'yar'uwarki, ki sa wayar cikin aljihun jaka ko ƙarƙashin hijabi, ki danna ba tare da kin duba ba har hannunki ya saba, sannan ki mayar da 112.

Mai ƙaramar waya ma ba a bar ta a baya ba. Ta sa lambar mutuminta a kiran gaggawa na maɓalli, Speed dial, yadda in ta danne lamba 2 ko 3 kiran zai fita. Hasali ma ƙaramar waya ta fi riƙe caji, ɓarawo kuma bai cika damuwa da ita ba, shi ya sa mai hali take riƙe biyun, babbar a jaka, ƙaramar a jiki.

Mataki na huɗu: a riƙa ganin inda kike

A WhatsApp, buɗe hirarki da mutuminki, danna alamar da ake tura hoto ko takarda, zaɓi Location. Abu biyu za ki gani, kuma nan ake ruɗewa. Send your current location yana tura inda kike a wannan daƙiƙar kawai, in mota ta yi gaba ba ya bin ta. Share live location shi ne mai tafiya tare da ke. Zai ba ki zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. A Legas ki zaɓi awa 8, ki kashe da kanki in kin isa, don tafiyar da aka ce ta minti arba'in ce takan cinye awa uku.

Google Maps ma yana yin haka ta Location sharing, har ya fi da abu ɗaya: yana nuna wa mai bibiyarki yawan cajin da ya rage miki. In ta ga kina kan kashi uku sannan kika ɓace, ta san dalili. In kina kan kashi saba'in kika ɓace, wannan wani zance ne.

Duka biyun suna cin caji da data. Kada ki fita da yamma da cajin da bai kai rabi ba, ki sa fawa-bank a jaka. Da *323# ake duba ragowar data a dukkan layuka, da *303# kuma ake aron kati in ya ƙare a hanya.

Wannan na tafiya ne, ba na dindindin ba. Saurayin da ya ce ki bar masa shi a kunne dare da rana wai don ya kula da ke, ba kula ba ce, sa ido ne.

Mataki na biyar: shiga mota

Kafin ki shiga danfo ko korope (ƙaramar bas) ko keke, musamman bayan magariba ko da asuba, ki ɗauki hoton lambar motar ki tura. A yawancin wayoyin Android danna maɓallin kunnawa sau biyu yana buɗe kyamara. In ɗaukar hoto zai jawo rigima da kwandasta, ki karanta lambar ki rubuta. Motocin BRT suna da lamba a rubuce a jikinsu, ita za ki tura.

Bayan kin zauna, ki yi saƙon murya a fili yadda direba da na kusa za su ji, da harshen da za su gane: kin shiga mota kaza daga Oshodi, lambarta kaza, a jira ki a tasha. Wannan ya fi kiran ƙarya da wasu ke yi suna kara waya a kunne babu kowa a layi, domin shi na gaske ne, kuma yana nan ajiye. Mai mugun nufi ya fi son wadda ba wanda ya san inda take.

'Yan wan cans, wato masu fashi da motar haya, sukan cika mota da mutanensu, har da mata, su bar kujera ɗaya ko biyu. Ki yi hattara da motar da ta tsaya miki ke kaɗai a inda ba tasha ba, da mai baƙin gilashi ko labule, da wadda kuɗinta ya yi arha fiye da kima, da wadda ake nace miki sai kin zauna a tsakiya. Gara ki taka zuwa cikin tasha ki biya ƙarin kuɗi. Akasin haka ma abin tsoro ne: in fasinjoji sun watse ya rage ke kaɗai, ko direba ya kashe fitilar ciki ya daina ɗaukar mutane, ki ce "o wa" ki sauka a wuri mai haske da jama'a ko da ba nan za ki ba. In ya ƙi tsayawa, ba lokacin tura wa ƙawa "ki yi min addu'a" ba ne. Lokacin danna maɓallin nan sau biyar ne.

Ga mutanen Agege, jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, tashoshinsa da ma'aikata da haske. In lokacinsa ya dace da naki, ya fi kwanciyar hankali.

Motocin manhaja irin su Uber da Bolt da inDrive suna nuna sunan direba da hotonsa da lambar mota. Ki gwada su da abin da ke gabanki kafin ki buɗe ƙofa. In ya ce motar ɗan'uwansa ce ya aro, ki fasa. Ki zauna a baya, ki danna wurin raba tafiya ki tura wa mutuminki. A Uber akwai lambar sirri mai lamba huɗu da za ki iya kunnawa, wadda sai kin faɗa wa direba tafiyar za ta fara. Babban tarkon shi ne direban da zai ce ki soke tafiyar a manhaja ku yi ciniki a baki zai rage miki. Da zarar kin soke, babu sauran shaidar cewa kin taɓa shiga motarsa.

Tun da aka hana okada a 2022 a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja da Surulere da Mushin da Oshodi-Isolo, matan Idi-Araba da makamantansu da suka saba kiran ɗan okadan unguwa ya ajiye su a ƙofar gida sun koma takawa daga bakin titi, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake yawan tare mace. Ki samu lambar mai keke ɗaya ko biyu da aka san gidansu, ko ki kira a fito a tarye ki tun kina saura tasha biyu.

Mataki na shida: in abin yana faruwa

A nan ƙafa da murya suna gaba da waya. In ana bin ki, kada ki nufi gida ki nuna masa ƙofarku, kada kuma ki shiga lungu don ki yanke. Ki shiga gidan mai, ko kemis, ko ƙofar banki mai masu gadi, ko ki je ki tsaya cikin mata masu sayar da abinci ki ce, "Mama, wancan mutumin yana bi na." Matan kasuwar Legas ba sa wasa da irin wannan. Daga nan ki yi kiranki.

In taɓa ki aka yi a mota ko kasuwa, ki ɗaga murya ki faɗi abin da ya yi. Kunya tasa ce, ba taki ba. "Fi mi sile" shi ne rabu da ni da Yarbanci, "e gba mi o" kuma ku cece ni. Amma kada ki yi ihun "ole" a kan wanda bai yi sata ba. Ihun ɓarawo a garin nan yakan ƙare da taya da fetur. Haka nan in kin kira yayyenki, ki kira su su ɗauke ki, ba su zo da sanduna ba. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 na 2016 sun san yadda ƙaramar hatsaniya ke rikiɗewa ta koma faɗan ƙabila, a rufe kasuwa, a rasa rayuka.

Ɗaukar bidiyo yana da amfani in kina cikin jama'a kuma da tazara tsakaninku. In ku biyu ne, ɗaga masa waya a fuska na iya tunzura shi ya fizge ko ya kai duka. Gara ki kunna naɗar murya ki bar wayar a jaka. Ki cire abin kunne ma in kina tafiya, ki ji takun da ke bayanki.

In wata kika ga ana yi wa, ba sai kin yi faɗa ba. Ki matsa kusa ki ce, "Anti, ashe nan kike, tun ɗazu nake nemanki," ki ja hannunta. In kin ɗauki bidiyo, ita za ki ba, ita ke da ikon abin da za a yi da shi.

Mataki na bakwai: toshe ƙofar da wayar kanta ke buɗewa

Sau da yawa abin da ya fara a titi a waya yake ci gaba. Lambar asusun OPay da PalmPay ita ce lambar wayarki ba tare da sifilin farko ba, don haka in kwandasta ko mai shago ya ce ki kawo asusu ya tura miki canji, lambarki kika ba shi, ga cikakken sunanki a kai. Mai sana'a gara ta ware layi daban na ciniki. Manhajar Truecaller, mai gano sunan mai kira, ita ma tana nuna wa baƙo sunan da wasu suka adana ki da shi, amma ana iya cire lamba a shafinsu.

A WhatsApp ki shiga Settings, sai Privacy, ki mayar da hotonki da ikon sa ki a guruf zuwa My contacts, ki kunna Silence unknown callers. Ki kuma kunna Two-step verification. Wanda ya dame ki, ki ɗauki hoton saƙonninsa yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, sannan ki toshe shi. Kada ki goge don haushi.

In za ki bar waya a wurin mai caji, ki kashe ta. In gyara za ta je Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja, ko wani wuri, ki cire layi da memori, kada ki ba da lambar buɗewa sai in dole, kuma ki tsaya a yi a gabanki. Haka nan ki daina sa hoton inda kike a status tun kina wurin.

Mataki na takwas: shaida da kai ƙara

Dokar laifuka ta jihar Legas ta sa ɗaurin shekara uku ga wanda ya taɓa jikin wani da nufin lalata ba da yardarsa ba, fyaɗe kuma ɗaurin rai da rai. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da aka naɗa a waya. Shi ya sa yadda kika adana shi yake da muhimmanci. Kada ki yanke bidiyon, kada ki sa masa rubutu ko kiɗa. Ki tura wa mutuminki a matsayin Document don WhatsApp kada ya rage ingancinsa, ki kuma ajiye kwafi a imel ko Google Drive. A ranar, tun ba ki manta ba, ki naɗi muryarki kina faɗin lokaci da wuri da kamannin mutumin da waɗanda suka gani.

A caji ofis ki nemi sashen da ke kula da mata da yara, Family Support Unit, kamar wanda ke Isokoko a Agege. Ki je da wani, musamman mai jin Turanci, kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba. In kin ga ana jan ƙafa, ko ana matsa miki ku sasanta, ki kira DSVA su shiga maganar. Sarkin Hausawa ko limamin unguwa suna da amfani wajen raka ki da tsawatar wa matasa, amma fyaɗe ba abin sulhun zaure ba ne.

In abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko. Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, da cibiyar WARIF a Yaba, suna duba mace kyauta, su ba da magani da shawara da rahoton likita. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. In za ta iya daurewa, kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan jikinta kuma a naɗe su a takarda ba leda ba. In ma ta riga ta yi wankan, ta je duk da haka.

Batun watsa hoton mutum a Facebook ko TikTok, ki yi tunani sau biyu. Yana iya sa ya gudu kafin a kama shi, yana iya jawo miki ƙarar ɓata suna, kuma ke ma fuskarki da unguwarku za su shiga bakin duniya. Abin da ya fi shi ne guruf na matan layi ko na Islamiyya, ƙarami, wanda kowa ta san kowa, inda za a riƙa rubuta wuri da lokaci da abin da ya faru ba tare da sunan wadda aka yi wa ba. Da irin wannan tunanin aka kafa HarassMap, shafin da ke nuna wuraren da ake cin zarafin mata a kan taswira, a Masar a 2010. In wata uku suka nuna gadar ƙafa ɗaya ce ake ta tare mata a kai bayan isha'i, kun sami abin kai wa DPO da shugabannin unguwa a rubuce.

Mataki na tara: in an fizge wayar

Kada ki bi shi, kada ki yi kokawa. Shirin wannan ma a gida ake yi. Ki danna *#06# ki rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takardar nan taki, don 'yan sanda za su tambaya. Ki sa wa layinki lambar sirri ta SIM lock, domin ɓarayin yanzu layin suke so su kwashe kuɗin banki. Ki kula, in kika yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayar miki da shi. A Android ki kunna Find My Device, wanda sababbin wayoyi ke kira Find Hub, da Theft protection, mai kulle allo in wayar ta ji an fizge ta an ruga. A iPhone kuma Find My.

Da zarar abin ya faru, ki ari wayar wani ki kira mutuminki tukuna, don tana can tana kallon taswira tana ganin kina tafiya alhali ɓarawo ne. Sai ki rufe asusun banki. Bankuna suna da lambar yin haka daga kowace waya, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith, ki nemi ta bankinki tun yanzu. Sannan ki sa kamfanin layi ya toshe layin, ki je ofishinsu da lambar NIN a dawo miki da shi. Kina sa layin a wata wayar kika buɗe WhatsApp, na hannun ɓarawon zai fita da kansa.